Bitamin E da C za su iya tsayar da ciwon karkarwa? Amsa ga mai tambaya daga Daura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina rubutowa daga Daura. Mahaifina yana da shekara 68. Kusan shekara biyu ke nan hannunsa na dama yana karkarwa idan yana zaune, tafiyarsa ta yi nauyi, muryarsa ta yi ƙasa. Mun kai shi asibiti a Katsina aka ce cutar Parkinson ce, aka ɗora shi a kan Sinemet. Yana kuma shan maganin hawan jini da ƙaramar asfirin. Yanzu wani mai tallar magungunan ƙarin lafiya ya kawo mana bitamin E mai IU 1000 (IU ma'aunin yawan bitamin ne), da bitamin C mai miligiram 1000, da wani wai shi CoQ10. Ya ce suna wanke gubar da ke kashe ƙwaƙwalwa, kuma in Baba ya jure wata shida zai iya ajiye maganin asibiti. Kuɗinsu na wata ya fi na Sinemet ɗin. Mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, kai kuma Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da shi.

Kada ku saya, kuma kada a rage wa Baba ko rabin ƙwaya daga Sinemet ɗinsa saboda su. Biyu daga cikin abubuwan nan uku, bitamin E da CoQ10, an riga an gwada su a kan ɗaruruwan masu irin ciwon Baba, an ba su da yawa ƙwarai, kuma ciwon bai rage gudu ba. Ga dattijo mai hawan jini da ke shan asfirin kuwa, bitamin E mai yawa haka yana da nasa haɗarin. Sai dai maganar mai tallar ba daga sama ta faɗo ba. Tana da tushe a ilimin likitanci, har manyan masana sun yi shekaru suna fatan ta tabbata. Gara ka san tushen ka kuma san inda ta karye, domin gobe wani zai zo muku da wata kwalbar da irin wannan bayani.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa, kusa da inda take gangarawa ta haɗu da laka, akwai wani ɗan wuri mai duhun launi da likitoci ke kira substanshiya nigira. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin su ke samar da dofamin, sinadarin da ke sa motsi ya fita da sauƙi ba sai mutum ya tsaya tunaninsa ba: ɗaga ƙafa, lilo da hannu in ana tafiya, ƙifta ido, juyi a kan shimfiɗa. Waɗannan ƙwayoyin ne ke mutuwa sannu a hankali a cutar Parkinson, kuma kafin a ga karkarwar farko wajen rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara bayyana alamun ciwon a rubuce a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a 2019 sun haura miliyan 8.5.

To me ke kashe su? A nan bitamin ya shigo maganar. Kowace ƙwayar halitta tana ƙona sukari da iskar oksijin don ta sami ƙarfi, a wasu ƙananan sassanta da ake kira mitokondiriya. Garin ƙonawar wasu ɓurɓushin oksijin suna kuɓucewa, kuma duk abin da suka taɓa, kitsen bangon ƙwaya ne ko furotin ko ƙwayar gado, sai sun ci shi yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki yana da nasa masu kashe ɓurɓushin, babbansu gulutatayon, abinci kuma yana kawo ɗauki. Bitamin E yana zaune cikin kitsen bangon ƙwaya yana tare ɓarnar, bitamin C yana yawo cikin ruwan jiki yana farfaɗo da bitamin E in ƙarfinsa ya ƙare. Su ne ake kira antioksidan. Ƙwaƙwalwa ta fi kowace gaɓa shiga wannan haɗari, domin nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba amma tana cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ke amfani da shi, ga ta da kitse. Ƙwayoyin dofamin kuma nasu ya fi muni: duk lokacin da jiki ya rushe dofamin sai ya bar haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi, shi kuwa in ya gamu da sinadarin ƙarfe, wanda ke taruwa a wurin, sai ya koma guba mai tsanani. Da aka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon, an tarar gulutatayon ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100 a wannan ɗan wurin, ƙarfe ya ƙaru, mitokondiriya sun raunana. A 1982 kuma, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu matasa masu allurar ƙwaya suka yi amfani da wata hodar da ta gurɓata da sinadarin MPTP, cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar waɗanda suka shekara da shekaru da Parkinson. Likita William Langston da abokan aikinsa suka gano musabbabin, bincike ya kuma nuna mitokondiriyar ƙwayoyin dofamin gubar ke kaiwa hari.

Duk wanda ya ga waɗannan hujjoji zai ce a ba majinyaci antioksidan mana. Haka masana suka ce. Farfesa Stanley Fahn na Nuyok ya ba wasu majinyatansa bitamin E IU 3200 da bitamin C miligiram 3000 kullum, a 1992 ya ba da rahoton cewa sun yi kusan shekara biyu da rabi fiye da wasu kafin su buƙaci lebodofa, wato maganin da ke cikin Sinemet. Amma mutanen kaɗan ne, kowa ya san abin da yake sha, kuma da majinyatan wani likita na wani gari aka kwatanta su. Shi kansa gwajin share fage ya kira shi.

Gwaji na haƙiƙa sunansa DATATOP, an fara shi a 1987 a cibiyoyi 28 na Amurka da Kanada, da mutum 800 waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba kuma ba su fara lebodofa ba. Da ƙuri'a aka raba su gida huɗu: wasu bitamin E IU 2000 kullum, wasu selejilin, maganin da ke rage rushewar dofamin, miligiram 10, wasu duka biyun, wasu ƙwayar wofi da babu magani a cikinta. Majinyaci bai san abin da yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Wannan tsarin shi ke raba abin da magani ya yi da abin da fata da sa rai suka yi, kuma a Parkinson sa rai yana da ƙarfi ƙwarai, domin shi kaɗai yana iya sa ƙwaƙwalwa ta saki dofamin na ɗan lokaci. Shi ya sa shaidar "wane ya sha ya ji sauƙi" ba ta isa hujja ba, ko da mai ba da ita ba maƙaryaci ba ne. Sakamakon ya fito a 1993. Selejilin ya jinkirta buƙatar lebodofa da kusan wata tara. Bitamin E bai yi komai ba, shi kaɗai ko haɗe da selejilin. Ka lura da adadin: ninki biyu ne na abin da ke cikin kwalbar da aka kawo muku.

CoQ10, wani antioksidan da ke taimaka wa mitokondiriya wajen samar da ƙarfi, shi ma hanyar da ya bi ke nan. Ƙaramin gwaji da mutum 80 a 2002 ya nuna kamar miligiram 1200 yana rage gudun ciwon, aka yi ta murna. Aka shirya babba da mutum 600, wasu miligiram 1200, wasu 2400, wasu ƙwayar wofi, kowa kuma ana ƙara masa bitamin E IU 1200. A 2011 aka dakatar da shi kafin lokacinsa don ta bayyana ba zai nuna amfani ba. An gwada wani sinadarin ƙarin lafiya mai suna kiriyatin a kan mutum 1,741, an gwada inosin a kan 298 don ya ɗaga wani antioksidan na cikin jini, duk labarin ɗaya ne. A cutar Huntington, wadda ake gada daga uwa ko uba kuma take sa jiki fizge-fizge kamar mai rawa, an ba mutum 609 CoQ10 ko ƙwayar wofi, aka tsayar da gwajin a 2014 bisa wannan dalilin. Bitamin C shi kaɗai kuwa babu wani babban gwaji da ya nuna yana tsayar da ɗaya daga cikin cututtukan nan.

Abin tambaya shi ne yadda hujja mai kyau haka ta kasa haihuwa. Na farko, lokaci. Ciwon yana fara aikinsa shekara 10 zuwa 20 kafin karkarwa. Tambayi Mama ko Baba ya daɗe yana fama da taurin bayan gida, ko ya daina jin ƙamshi, ko yana ihu da naushi cikin barci tun kafin hannun ya fara. Sau da yawa amsar eh ce. Ranar da aka gano ciwon, ɓarnar ta yi nisa, kuma babu bitamin da ke ta da ƙwayar jijiyar da ta mutu. Na biyu, ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini. Bitamin C ta wata ƙofa ta musamman yake shiga, kuma ƙwaƙwalwa tana riƙe da adadin da take so, ba ta ƙara ɗauka don an cika ciki da shi. Jini ma kansa yana ƙoshi da miligiram 200 zuwa 400 a rana, saura ƙoda ta zubar a fitsari. Bitamin E yana shiga, amma kaɗan-kaɗan kuma a hankali. Na uku, wanda a ganina ya fi nauyi, ɓarnar oksijin reshe ɗaya ce a ciwon. Akwai furotin mai suna alfa-sinukilin da ke dunƙulewa cikin ƙwayoyin jijiya, akwai kasawar ƙwaya wajen kwashe shararta, akwai kumburi, akwai gado. A 2023 wani babban bincike da likitocin Najeriya suka taka rawa a cikinsa, cikinsu har da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin ciwon a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu. Aikin wannan ƙwayar gado kwashe shara ne a cikin ƙwayar halitta, ba shi da alaƙa da ƙarancin bitamin.

Akwai abin da ke rikita mutane, kuma mai talla zai iya kawo maka shi. Binciken da ke bin mutane masu lafiya shekaru ana rubuta abin da suke ci ya sha nuna cewa masu samun bitamin E da yawa daga abinci sun fi tsira daga Parkinson. A Suwidin an bi mutum sama da 43,000 na kusan shekara 18, aka ba da rahoto a 2021 cewa waɗanda abincinsu ya fi bitamin E da C haɗarinsu ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma a binciken ma'aikatan lafiya na Amurka da aka buga a 2002, masu shan ƙwayoyin bitamin ba su sami kariyar ba. Mai cin ganye da gyaɗa da 'ya'yan itace yana samun abubuwa ɗari tare, kuma yawanci rayuwarsa ma daban take. Sannan maganar rigakafi ce ga mai lafiya. Baba ya wuce wannan matakin.

Wuri ɗaya ne bitamin E ya zama magani na gaskiya a cututtukan motsi, kuma ina so masu karatu su riƙe shi da kyau, domin rashin saninsa yana iya zaunar da yaro a keke har ƙarshen rayuwarsa. Akwai ciwon tangaɗi na gado da ke fitowa daga lalacewar ƙwayar gadon TTPA, wadda ke sa hanta ta kasa tura bitamin E cikin jini ko da yaro yana cin abinci mai kyau. Farfesa Mongi Ben Hamida da abokan aikinsa sun bayyana shi a iyalan Tunisiya a 1993, kuma ya fi yawa a Arewacin Afirka. Sai yaro ya gaji sauyin daga uwa da uba duka yake kamuwa, don haka ya fi fitowa inda ake auren zumunci. Yawanci yana farawa tsakanin shekara 5 zuwa 15: yaro ya riƙa tangaɗi, ya fi faɗuwa in duhu ya yi, magana ta riƙa sarƙewa, kai ya riƙa kaɗawa, in likita ya buga gwiwa ƙafar ba ta motsawa. Gwajin jini zai nuna bitamin E ya yi ƙasa warwas. Maganin miligiram 800 zuwa 1500 ne kullum ga babba, yaro kuma wajen miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa, har abada. In aka fara da wuri ciwon yana tsayawa, wasu alamun ma su ja baya, ƙannen da aka gano kafin alamu su fito kuma sukan tsira. Haka masu ciwon hanta ko hanji da ke hana jiki tsotsar kitse, su ma bitamin E nasu yana ƙarewa su fara tangaɗi. Duk gidan da ke da yara biyu ko uku masu irin wannan tafiya, a kai su wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a nemi a auna bitamin E. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, likitan zai faɗi inda za a aika jinin. A nan giɓi ne na gaske aka cike, shi ya sa ya yi aiki. A Parkinson babu wannan giɓin.

Mu zo kan cutarwa, tunda mutane sun ɗauka bitamin in bai yi amfani ba ba zai yi illa ba. Babban mutum miligiram 15 na bitamin E yake buƙata a rana. Ƙwaya mai IU 1000 tana ɗauke da miligiram 450 in na haɗi ne, 670 in na asali ne, wato ninki 30 zuwa 45. Kitse ke narkar da shi, saboda haka taruwa yake a jiki, ba ya fita a fitsari kamar bitamin C. Yana hana jini daskarewa, yana kuma kishiyantar bitamin K. Da aka tattara manyan gwaje-gwaje a 2010, an ga yana ƙara shanyewar ɓarin jiki irin ta fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa da kashi 22 cikin 100, ko da yake ya ɗan rage irin ta toshewa. Ka duba halin Baba: hawan jini, asfirin da ta riga ta tsinka jini, ga ciwon da ke sa faɗuwa a buga kai. Shi ne ainihin wanda bai kamata a ba ba. A gwajin SELECT da ya ƙunshi maza sama da 35,000, masu shan IU 400 kullum sun fi kamuwa da sankarar mafitsara ta maza, wato furostet, da kashi 17 cikin 100 a rahoton 2011. Bitamin C ya fi sauƙi, amma miligiram 1000 kullum yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda ga maza, musamman a zafin bazararmu da mutane ba sa shan isasshen ruwa, in aka haura 2000 kuma sai gudawa da murɗar ciki.

Babbar cutarwar dai ita ce maganar ajiye Sinemet. Wannan kalma ta fi duk abin da ke cikin kwalaben haɗari. In aka yanke lebodofa lokaci ɗaya, majinyaci yana iya sandarewa, zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, hankali ya gushe, haɗiya ta gagara, kuma ana rasa rai ta haka. Ko ƙarewa maganin zai yi, a sayo wani tun da sauran kwana bakwai. Azumi ma a zauna da likita tun cikin Sha'aban.

Kuɗin da za a zuba a bitamin, a tabbatar da shi cewa Sinemet bai taɓa yankewa ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 da aka fara amfani da lebodofa babu maganin da ya kai shi gyara motsin mai Parkinson. Ba ya warkar da ciwon, amma yana mayar wa mutum da tafiyarsa, da cin abinci da hannunsa, da zuwa masallaci na shekaru masu yawa. Sai dai gidaje da yawa suna ɓata aikinsa ba su sani ba, daga nan su ce maganin ya daina aiki, su faɗa hannun 'yan talla.

Ta ƙofa ɗaya lebodofa da sinadaran furotin suke shiga jini daga hanji, ta ƙofa ɗaya kuma suke shiga ƙwaƙwalwa. In Baba ya haɗiye shi a kan ƙosai, ko fura da nono, ko nama, ko wake, ko awara, furotin zai yi masa cunkoso. A ba shi da cikakken kofin ruwa minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, a kan lokaci guda kullum. Ba a ce a hana shi nama da nono ba, tsoho yana buƙatarsu, a dai karkata mafi yawansu zuwa abincin dare. In yana tayar masa da zuciya, a haɗa da ɗan burodi ko biskit. Ka duba lambobin da ke jikin kwalin: ta farko kabidofa ce, ta biyu lebodofa. Kabidofa ita ke hana lebodofa rikiɗa kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma ana buƙatar wajen miligiram 75 nata a rana. Wanda aka fi samu a kantunanmu mai 25/250 ne, in ana raba shi biyu ana sha sau uku, kabidofar ba ta kai 40 ba, shi ya sa wasu ke ta amai. Wannan likita ne zai gyara, ko ya koma da shi mai 25/100. Kada a je kemis a karɓo maganin amai irin metokulofuramaid ko Stemetil, domin toshe dofamin suke yi, su tsananta ciwon. Su da magungunan taɓin hankali irin halofaridol, da Stugeron da ake sha don jiri, suna iya haddasa alamun Parkinson ga wanda ma ba shi da shi.

A cikin kayan ƙarin lafiya akwai biyu da ya kamata a yi hattara da su. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, har da na cikin maltibitamin, yana kama lebodofa a hanji ya hana shi shiga jini. In dole ne a sha, a bar awa biyu tsakaninsu. Sai bitamin B6: wasu ƙwayoyin "maganin jijiya" suna ɗauke da miligiram 100 zuwa 200, kuma shansa haka wata da watanni yana lalata jijiyoyin ƙafa, ya kawo dindiris da tangaɗi a kan wanda ake da shi. Wanda ya cancanci a auna shi ne B12. Tsufa yana rage shi, daɗewa a kan lebodofa ko metfomin na masu ciwon sukari ma haka, ƙarancinsa kuma yana kawo mantuwa da rashin jin tafin ƙafa, ga shi ana gyara shi da allura ko ƙwaya mai araha. In an taɓa ba Baba benzheksol, wanda aka fi sani da Exol ko Artane, a sanar da likita. Yana rage karkarwa, amma ga mai shekarunsa yana kawo ruɗewa, gane-gane, riƙewar fitsari da taurin ciki.

Abin da ya fi kusa da burin da ake nema a bitamin, wato rage gudun ciwon, motsa jiki ne. A gwajin SPARX da aka buga a 2018, cikin mutum 128 masu sabon ciwo, waɗanda suka yi tafiya mai ƙarfi a kan injin gudu minti 30 sau huɗu a mako, motsinsu kusan bai taɓarɓare ba cikin wata shida, waɗanda ba su yi ba kuwa ya taɓarɓare. Baba ba ya buƙatar inji. Bayan likita ya duba zuciyarsa da jininsa, ya yi tafiya mai sauri minti 30, kwana biyar a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar, kamar awa ɗaya bayan ya sha magani lokacin da jiki ya sake. Taku manya, hannu yana lilo, wani yana gefensa. Takalmi mai maɗauri, ban da silifa. In ƙafa ta manne a bakin ƙofa, kada a ja shi, a ce ya tsaya, ya karkata nauyinsa gefe ɗaya, a ƙirga masa ɗaya, biyu, ya taka. Ku nemi a tura shi sashen gashin ƙashi su koya muku atisayen daidaita tsayuwa. A riƙa auna jininsa yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe da minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, a gaya wa likita, domin ciwon da Sinemet da maganin hawan jini duk suna iya haɗuwa su sa shi jiri in ya tashi.

Antioksidan ɗin da jikinsa ke buƙata suna kasuwar Daura. Giram 100 na gyaɗa yana da wajen miligiram 8 na bitamin E, fiye da rabin buƙatar rana, cokali ɗaya na man gyaɗa wajen 2, ga manja da riɗi da zogale. A guji gyaɗar da ta yi funfuna, tana da gubar da ke lalata hanta. Bitamin C miligiram 90 namiji ke buƙata: gwaiba ɗaya ta wuce haka, lemon zaƙi ɗaya ya kusa, garin 'ya'yan kuka da tattasai ɗanye suna da shi sosai. Dogon dahuwa da kanwa suna kashe shi, saboda haka a zuba ganye dab da sauke miya, a kuma riƙa yi masa kwaɗo da tumatir ɗanye. Wannan cimar da ruwa kofi shida zuwa takwas su ne maganin farko na taurin bayan gida, wanda shi ma yana hana lebodofa aiki yadda ya kamata.

Kai da 'yan'uwanka kuma, in kuna noma, wurin da ilimin ɓarnar oksijin ya fi amfanar ku shi ne wajen feshi. Farakwat, maganin ciyawar da manoma suka sani da Gramoxone, da irin wannan ɓurɓushin oksijin yake ƙone ciyawa, kuma ƙirarsa ta yi kama da gubar da MPTP ke rikiɗa ta zama. Binciken manoman Amurka na 2011 ya nuna masu amfani da shi sun ninka wasu sau biyu da rabi wajen kamuwa da Parkinson, Tarayyar Turai kuma ta hana shi tun 2007. Safar hannu ta roba, takalmin ruwa, abin rufe hanci da baki, a juya wa iska baya, kada a hura bakin famfo da baki in ya toshe, a yi wanka da sabulu a sauya kaya kafin a ci abinci.

Ranar komawa asibiti, ka tattara duk abin da Baba ke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da kwalaben mai tallar in ya bar muku. Kwana uku kafin nan ka rubuta a takarda lokacin da ya sha kowace ƙwaya, lokacin da jiki ya sake, da lokacin da nauyin ya dawo. Da wannan takardar likita zai san ko adadin zai ƙara ko tazarar zai rage. In har yanzu likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi bai taɓa ganinsa ba, ku nemi takardar tura majinyaci a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku kuma roƙi a haɗa da gwajin B12 da na ƙoda a cikin jinin da za a ɗiba.